Yadda ake kula da talkin ruwa ya zama a shirye kafin a shiga kogi

Wannan bayani na yi shi ne don ƙannenmu da suka fara riƙe kwale-kwale mai inji a nan Yamai, masu ɗaukar fasinja zuwa Bubon ranar Laraba, da masu yawo da baƙi tsakanin gadar Kennedy da gada ta biyu, har da masu gangarawa Kollo da Say. Da yawa yanzu kun sayi talkin ruwa, wannan ƙaramin radiyon hannu da ƴan Najeriya ke ce ma oba-oba, wasu kuma maigidan jirgi ne ya miƙa musu ya ce riƙe, ba tare da wani bayani ba. To riƙewa daban, ya yi maka aiki ranar da kake buƙata kuma daban.

Ni sai da na ji a jikina na koya. Wata shekara farkon watan Yuni muna dawowa daga Bubon da yamma, ruwa ya ja baya sosai, farfela ta bugi yashi inji ya tsaya cik, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ga mata biyu da yara da buhunan kaya cikin jirgi. Waya ta ta jiƙe tun da rana. Na ciro talki na kunna, ekran ya nuna batiri cike sanda uku, na ce alhamdulillahi, ina danna buton magana sai ekran ya ɗauke ɗif. Na sake kunnawa, sanda uku, na danna, ya sake mutuwa. Wasu masunta ne Allah ya kawo suka ja mu gaɓa kafin iska ta iso. Da na bincika daga baya, ashe ni na kashe batirin da hannuna, duk watan Afrilu yana kwance gaban mota ƙarƙashin gilashi cikin rana. Tun ranar ban ƙara yarda da sandunan ekran ba.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa, kuma banda talkin kansa da batiri na biyu sauran duk ana samu a Katako ko Wadata ko ma shagon unguwa:

- talkin ruwa na VHF, wato irin mitar radiyon da jiragen ruwa ke magana a kai, da cajarsa ta asali
- batiri na biyu, ko akwatin pil in irin naka yana da shi, da pil sababbi cikin ledarsu
- igiya mai ƙarfi kamar kamu biyu, da ɗan ƙugiya
- tsumma mai laushi, tsohon buroshin haƙori, auduga da alkol na kyamis
- ruwa mai tsabta, ko na leda ne
- roba mai murfi da ke rufuwa gam, ko jakar da ruwa ba ya shiga
- bik mai kauri da skoc fari don rubutu
- usur da cocila

Kafin mu shiga matakai, ka juya bayan talkin ko ka duba kwalinsa ka nemi rubutu IPX7 ko IPX8. IPX7 ma'anarsa zai iya zama cikin ruwa zurfin mita 1 har minti 30 bai lalace ba, IPX8 ya fi haka. In ka ga IPX4 kawai, to yayyafi da fantsama yake ɗauka, ba nutsewa ba. Sannan rashin shan ruwa daban, tasowa sama daban, akwai wanda ruwa ba ya shigarsa amma in ya suɓuce sai ƙasan kogi kamar dutse. Irin su Icom IC-M25 da Standard Horizon HX210 suna tasowa saman ruwa. Baofeng UV-5R da ya cika kasuwa kuwa ba talkin ruwa ba ne, ba a yi shi don jiƙa ba, in shi kake da shi sai ka riƙe shi kamar wayar salula.

1. Batiri, nan ne kusan duk matsalar take

Ka sa caji tun daren jajibirin tahiya, kar ka bari sai asuba, kai ma ka san halin kuran a lokacin zafi, kana iya tashi ka tarar an ɗauke tun tsakar dare. In ya cika ka cire, kar ka bar shi kan caja sati guda wai don ya zauna a cike, batirin lithium ba ya son haka musamman a ɗaki mai zafi.

Zafi shi ne babban abokin gabarsa a ƙasar nan, ya fi ruwa kashe talki nesa ba kusa ba. A Afrilu da Mayu muna ganin digiri 44, 45 a inuwa, to cikin mota rufe ko saman kwanon jirgi ko kusa da inji ya wuce 60 cikin sauƙi. Batirin da ya sha irin wannan ba ya mutuwa nan take, yana dai rage ƙarfi a ɓoye, shi ya sa zai nuna maka cike alhali ba komai ciki. Haka kuma kar ka dawo daga kogi da talki zau ka ɗora kan caja, bari ya huce ya bushe tukuna, ko awa guda ne a inuwa.

Yadda ake gane batirin ƙarya: bayan ya cika, ka sa ƙarfi a kan HI, wato babban ƙarfin magana, ka koma kanal da ba kowa, ka danna buton magana kamar daƙiƙa biyar idonka na kan ekran. Sauraro ba ya cin wuta sosai, magana ce ke ci, to a nan ne asirinsa ke tonuwa. In sanda ɗaya ta ɗan sauka ta dawo, ba laifi. In ya zube daga uku zuwa ɗaya, ko ekran ya dushe, ko talkin ya mutu ya sake tashi da kansa, wannan batiri ya gama aiki, kar ka shiga ruwa da shi ko da wanda ya sayar maka ya rantse.

Ka cire shi ka ɗora kan tebur mai santsi ka duba. In ya kumbura, ko murfin baya ya daina rufuwa daidai, ka raba shi da gidanka, kar ka huda shi, kar ka jefa a wuta, kar kuma ka bar ma yara su yi wasa da shi, yana iya kamawa.

Awannin da ake rubutawa a kwali, ka ga an ce awa 10 ko 11, lissafinsu shi ne kashi 5 magana, kashi 5 sauraron wani, kashi 90 yana zaune shiru. Mu kuwa mun san kanmu, in aka samu talki sai gaisuwa da ina gajiya ina iyali ya kasuwa, kafin la'asar ya ƙare. Don haka ka ɗauki rabin abin da aka rubuta a matsayin naka.

Ka rubuta wata da shekarar da ka sayi batiri a skoc ka manna masa. In ya kai shekara biyu zuwa uku a irin zafinmu ka fara neman wani tun kafin ya ba ka kunya. In kana da biyu ka rubuta 1 da 2 kana juya su, kar ɗaya ya yi ta aiki ɗayan na kwance har ya mutu a kwance.

Akwatin pil abu ne mai kyau ƙwarai, amma kar ka ajiye shi da pil a ciki. Pil na zubar da wani farin gari da ke cinye ƙarafunan ciki, na ga akwati biyu sun tahi a haka. Ka bar pil cikin ledarsu kusa da akwatin, a roba ɗaya. Ka sani kuma a wasu talkin in kana kan pil ƙarfin magana na raguwa, ba zai kai nisan da batirin asali ke kaiwa ba.

Maganar caja: kuran ɗinmu 220 ne. Talkin da aka kawo daga Amurka wani lokaci cajarsa ta 110 ce kaɗai, ka karanta ƙananan rubutun jikinta, in ka ga 100-240V to ba damuwa, in 110 ko 120 kawai ka gani kar ka soka, hayaƙi za ka gani. In ba kuran, masu cajin USB suna ɗauka daga pawabank ko ƙaramin pano, wasu kuma suna da igiyar 12V ta mota, sai ka ja daga batirin mota ko na pano. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke waya a haɗa da kowace caja don bakinta ya shiga.

2. Duba jikinsa da ido da hannu

Wannan minti biyar ne. Fara da anten, ka murza shi a hankali ka ji ko ya zauna daram, ka lanƙwasa shi kaɗan ka duba gindinsa ko robar ta tsage, don rana na busar da ita. Mafi yawan anten da ke karyewa ɗaukar talki ta anten ne ke karya su, yara masu taimako a jirgi sun fi kowa wannan, ka hana su tun ranar farko. Kuma kar ka taɓa danna buton magana babu anten a jiki, kana iya ƙona abin da ke tura murya, gyaransa kuwa ba a nan kusa ba.

Sai robar da ke zagaye da murfin batiri da ƙaramin murfin da ke toshe ramin ekutar ko na USB. Waɗannan su ne ke hana ruwa shiga, ba wani sihiri ba. Ƙwayar yashi ɗaya ko gashi ɗaya a kan robar ya isa ya buɗe ma ruwa hanya, kuma da hunturu ƙura na shiga ko'ina. Ka goge da tsumma mai ɗan danshi, ka rufe ka ji ya yi ƙas. In murfin ramin ya ɓata gaba ɗaya, to IPX7 ɗinka ya zama labari, ka manne da skoc na wucin gadi kuma ka sa shi cikin jaka.

Ƙananan ƙarafunan nan masu launin zinari da ke bayan batiri da cikin caja, in sun yi baƙi ko kore ka goge da auduga da alkol. In babu alkol, magogin fensir na ƴan lakwal yana yi. Kar ka kankare da wuƙa, kuma kar ka wanke talki da isansi ko kalanzir kamar yadda muke wanke kayan inji, suna cin roba.

3. Saiti

Nan ne sababbi ke ruɗewa, alhali abubuwa biyar ne kawai.

Na farko ka duba saman ekran, za ka ga INT ko USA ko CAN, wasu harafi ɗaya suke sawa, I ko U ko C. Ka bar shi a INT, kai da duk abokan aikinka. In ɗaya na kan USA ɗaya na INT, akwai kanal da lambarku za ta zo ɗaya amma ba ku jin juna, sai a yi ta zargin talki ya lalace. Buton WX ma ka manta da shi, na labarin yanayi ne na Amurka da Kanada, a nan shuuu kawai za ka ji.

Na biyu kanal. 16 shi ne na kira da na neman agaji a duk duniya, mitarsa ta radiyo 156.800, ba wurin hira ba ne, ka kira mutum a can in ya amsa ku koma wani. Na magana tsakanin jirgi da jirgi su ne 6 da 8 da 72 da 77, ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai, mu 72 muke. Kanal 70 ba a magana a kansa sam, na saƙon na'ura ne. Akwai kuma irin su 24 zuwa 28 da aka yi don magana da tashar gaɓar teku, talki na tura murya a mita ɗaya yana sauraro a wata, to talkin hannu biyu ba za su taɓa jin juna a can ba ko kuna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Na taɓa ganin mutum zai mayar da sabon talki wurin mai shago saboda wannan.

Na uku HI da LO. LO wat 1 ne, HI wat 5 ko 6. In kuna ganin juna ko kuna kusa, LO ya wadatar kuma batiri zai daɗe. HI na nesa ne da na gaggawa. Kar ka zaci ƙarin wat shi ne ƙarin nisa sosai, wannan irin radiyo a miƙe muryarsa ke tahiya kamar gani da ido, tsibiri mai itatuwa ko kwanar kogi ko tudu na tare ta. Tsakanin talkin hannu biyu a saman ruwa ƴan kilomita ne, a wuri buɗaɗɗe kamar biyar zuwa takwas, in akwai abin da ya tare ƙasa da haka. Yamai zuwa Bubon wajen kilomita 25 ne, kar ka sa rai. Tsawo ne ke ƙara nisa, mutumin da ya hau soro ko tudu zai ji ka daga inda na bakin ruwa ba zai ji ba.

Na huɗu SQL, shi ne mai kashe shuuu ɗin nan. Ka sauke shi har ƙarar ta fito, ka daidaita bolim da ita, sannan ka ɗaga shi a hankali har ƙarar ta ɗauke, ka tsaya nan. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a kai shi ƙarshe don a huta da hayaniya, to ka toshe kunnenka ke nan, mai kira daga nesa da rauniyar murya ba za ka ji shi ba, kuma galibi shi ne wanda ke cikin wahala.

Na biyar, in talkinka na da DW ko DUAL ka kunna, zai riƙa sauraron kanal ɗinku yana leƙa 16 lokaci guda, yana ɗan ƙara cin batiri amma ya cancanta. In ka gama duka ka danna makulli, buton mai hoton ɗan mabuɗi, don gwiwa ko buhu kar su canja maka kanal ba ka sani ba.

4. Gwaji da mutum, ba da ekran ba

Kunnawa ka ga haske ba gwaji ba ne. Da safe kafin fasinja su shiga ka ba yaronka talki na biyu ya taka kamar mita 300 ko 500, ku gwada a kanal ɗinku na aiki, ba a 16 ba. Ka yi magana a LO ya faɗa maka yadda ya ji, shi ma ya yi ka ji, sannan ku sake a HI. Ɓangare biyu ake gwadawa, don akwai talkin da ke ji sarai amma nasa mikro ya toshe da laka, kana ta magana can ana jin kamar kana cikin tulu. Kar ku gwada kuna tsaye wuri ɗaya, a kusa ko mai karyayyen anten zai yi kamar lahiyarsa lau.

In ka ji murya na yankewa duk lokacin da ka motsa hannu, yawanci batiri ne bai zauna ba ko anten ya saki, koma mataki na biyu.

5. Wa ke sauraronka?

Wannan tambayar ta fi duk saitin da ke sama muhimmanci, kuma ita ce ba a yi. A teku irin su Kwatano da Lome akwai tashar jiragen ruwa da manyan jirage da kunnensu ke kan 16. Kogin Isa ba teku ba ne, kar ka shiga ruwa da tunanin wani ofis na zaune yana jiran kiranka. Wanda zai ji ka shi ne wanda ka shirya da shi.

Don haka kafin ka tashi ka samu mutum ɗaya a tudu, ɗan'uwa ko mai gadin mashigi ko wani cikin ƴan ƙungiyarku, ka faɗa masa inda za ka, mutum nawa ka ɗauka, ƙarfe nawa kake sa ran dawowa, wane kanal, kuma in lokaci kaza ya wuce bai ji ka ba me zai yi. Ya kasance yana da lambar ƴan kwana-kwana, 18, da lambobin masu jirgi biyu ko uku da za su iya hitowa nemanka. In tahiyar ta wuce nisan talki, ku yi da sauran masu jirgin da ke bin hanyar kowa ya bar nasa a kunne a kanal ɗaya, sai saƙo ya riƙa tsallakawa daga jirgi zuwa jirgi. Ranar kasuwa wannan na aiki sosai don jirage sun yi yawa a ruwa.

Sai takardu. Mitocin radiyo a ƙasar nan hukumar ARCEP ce ke kula da su, ka je ka tambayi abin da ake buƙata don irin naka tun kafin ka fara aiki da shi, ka ajiye rasit ɗin saye. Kuma kowa ya san halin tsaro da ake ciki, musamman in ka haura wajen jihar Tillaberi, mutum da radiyon magana a hannu abin tambaya ne. Kar ka ɓoye shi ƙarƙashin kaya, in jami'ai sun tsayar da kai kai ne za ka fara nuna shi da takardarsa, ka faɗi aikinka. In an hana shiga wani yanki ko an sa lokacin da ba a tahiya a ruwa, talki ba ya zama izini.

6. Cikin jirgi

Ka ɗaure shi a jikinka. Igiya daga talki zuwa rigar ruwa mai hana nutsewa ko bel, tsawon da zai kai bakinka ba tare da ka kwance ba. Jirgi in zai kife ba ya sallama, dorina ta taso ko iska ta bugo, daƙiƙa kaɗan ne, talkin da ke cikin jaka ƙarƙashin buhun shinkafa ya tahi tare da shinkafar. Mai tasowa sama ma in ba a ɗaure ba, a watan Agusta da Satumba da jan ruwan damina ke gudu ko a Janairu da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso, kana kallo zai wuce ka ya shige cikin ciyawar ruwa.

In rana ta yi tsanani ka rufa masa gefen rawani ko riga, kar ka ajiye shi kan ƙarfe ko kusa da bidon isansi.

Wajen magana, anten ya kalli sama tsaye, ba a kwance ba kamar mai riƙe waya. Bakinka kamar yatsu uku daga mikro, ka juya ma iska da inji baya. Danna, ka ƙirga ɗaya a zuci, sannan ka fara, in ba haka ba kalmar farko ta ɓata. Ba a ihu, ihu na fasa murya ne kawai. In ka gama ka ce "gare ka" ka saki buton, don wannan ba salula ba ce, muddin kana danne ba ka jin kowa kuma ka tare ma kowa hanya. Wannan ne ma ya sa nake cewa a kula da wurin zama, mutum ya zauna kan buton bai sani ba, duk kogi na jin hirar jirginsa har batiri ya ƙare.

In ya faɗa ruwa ka ciro, murya za ta dushe don ruwa ya cika lasifika. Ka kife shi ka girgiza, ka bubbuga a tafin hannu. Na Icom suna da wani abu AquaQuake da ke yin ƙara mai kauri ta tunkuɗo ruwan waje. Kar ka soka tsinke cikin ramukan.

7. In abu ya faru

Kalmomi uku ne duniya ta sani kuma duk daga Faransanci suka hito, don haka ba baƙi ba ne gare mu. Mayday daga m'aider, na lokacin da rai ke cikin haɗari ne, jirgi na nutsewa, wuta, mutum ya faɗa ruwa ba a gan shi ba. Pan-Pan daga panne, wannan pan ɗin dai da muke cewa mota ta yi, matsala ce mai buƙatar taimako amma ba a kai ga mutuwa ba, kamar inji ya tsaya ruwa na jan ku. Sécurité kuma gargaɗi ne ga sauran, misali ka ga dorina da ɗanta a mashigi ko kututture na yawo.

Ka koma 16, ka sa HI, ka faɗi kalmar sau uku, sunan jirgi ko naka sau uku, inda kake, abin da ya faru, mutum nawa, da abin da kake buƙata. Sai ka saki ka saurara. In shiru ka maimaita, in har yanzu shiru ka koma kanal ɗinku na aiki. Bayan kalmar farko ka yi da harshen da masu jinka ke ji, Hausa ko Zabarmanci, ba jarrabawa ba ce. Wurin da kake ka faɗe shi da abin da kowa ya sani, ƙasan gada ta uku ɓangaren Harobanda, ko daura da gonakin shinkafar Saga, ba "muna tsakiyar ruwa" ba.

Ka rubuta wannan jerin a takarda da manyan baƙaƙe, ka naɗe da skoc ka ɗaure a igiyar talkin, don ranar tashin hankali kai kanka sai ka manta sunan jirginka. Kuma ka koya ma yaron jirgi da ko mutum ɗaya cikin fasinja inda ake dannawa, wata ƙila kai ne za ka kasance cikin ruwa.

Masu talki mai jan buton a ƙarƙashin murfi, irin Standard Horizon HX890, wannan DSC ne, yana tura saƙon agaji da wurin da kake ta GPS. Amma sai an sa masa lambar MMSI mai lamba 9 da hukuma ke bayarwa, kuma sai akwai wani mai irin na'urar a kusa da zai karɓa. In na hannu ka saya daga Turai, lambar tsohon mai shi na iya kasancewa ciki, kuma yawanci ba ta gogewa da hannu. A kogin nan ka dogara da muryarka.

8. Bayan an dawo

Kashe shi, ka tabbatar duk murfi a rufe, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta. Ruwan kogi ba gishiri amma akwai laka, in ta bushe cikin ramukan lasifika da gefen butoci sai ta zama kamar siminti, ga kuma gumin hannu. Ka bi da buroshi a hankali, ka goge, ka bar shi a inuwa inda iska ke bi. Ba rana ba, ba kusa da murhu ba. In ya bushe sarai ka cire batiri ka duba ko akwai danshi a ciki, in ka ga raɓa a bayan gilashin ekran to ruwa ya shiga, kar ka kunna kar ka sa caji, ka bar shi a buɗe kwana biyu ko uku. In talkinka ba mai jure nutsewa ba ne, tsumma mai danshi kawai.

9. In za a daɗe ba a hita ba

Lokacin da ruwa ya janye ko jirgi na gyara, ka bar batirin da kamar rabin caji, ka cire shi daga jikin talki, ka sa duka cikin roba mai murfi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, ba saman kwaba kusa da kwano ba. Ƴan ƙananan ledojin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani ka jefa biyu ciki, suna shan danshin damina. Duk wata ka ciro ka kunna ka gani, in ya sauka ka ɗan ƙara masa. Tsofaffin batiri na NiMH sun fi saurin zubar da caji suna ajiye, su sai ka riƙa dubawa duk sati biyu.

In talki ɗaya gare ku ko babu ma gaba ɗaya, ka sa waya cikin leda biyu ka ɗaure ka rataya a wuya da kiredi a ciki, usur a rigar ruwa, cocila mai sabon pil. Ƙananan talkin nan na PMR446 da ake sayarwa biyu a kwali, rabin wat ne, suna yi tsakanin jirage biyu da ke tahiya tare ko tsakanin jirgi da mashigi, amma ba sa magana da talkin ruwa ko kaɗan, mitarsu daban ce, don haka in su za ku yi aiki da su sai kowa a ƙungiyar ya riƙe irinsu kuma ku gwada nisan da suke kaiwa a daidai hanyar da kuke bi.